Launin fumfuna ba ya faɗin sunanta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin ɗalibanmu masu binciken tsirran magani. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ɗalibi zai raino fumfuna daga cikin saiwa, ya dubi launinta a farantin gwaji, ya raɗa mata suna nan take. Baƙa ce? To, Aspergillus. An wuce wurin.

Ina ma su san labarin tianma, wani tsiro daga dangin furannin okid wanda mutanen Sin ke shan doyarsa don jiri da ciwon kai. Masana na kiransa Gastrodia elata. Ba shi da koren ganye, saboda haka ba ya haɗa abincinsa da hasken rana. Fumfunar da ke cikin jikinsa ce ke ciyar da shi. Tun 1911 Shunsuke Kusano na Japan ya gano cewa Armillaria, wata fumfuna mai ruɓar da itace, ita ce ke raya doyar. Sai aka ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba, domin Armillaria ba ta tsirar da irin. Irin okid kamar ƙura yake, babu guzurin abinci a cikinsa, dole sai wata fumfuna ta shige shi kafin ya motsa. Sai a 1989 Xu Jintang da Guo Shunxing suka bayyana cewa Mycena osmundicola ce ke wannan aiki. Yau manomin tianma biyun yake amfani da su: Mycena wajen tsirar da iri, Armillaria wajen girman doya. Wanda ya rikita sunayensu ya yi asarar gona.

Shi aikin raino fumfuna daga cikin saiwa kansa ba tsafi ba ne. A wanke saiwa, a tsoma ta a barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, sannan ruwan bilic, a ɗauraye da ruwan da aka kashe ƙwayoyin cikinsa, a yayyanka a jera a faranti. Shi ma ruwan ɗaurayar ƙarshe a shuka shi daban, kuma nan ne yaranmu suka fi ƙiwuya. In wani abu ya tsiro daga wannan ruwa, to dattin bayan saiwa ka raino, ba mazauniyar ciki ba.

Da yawa daga fumfunan okid, irin su Tulasnella da Ceratobasidium, ba kasafai suke fitar da ƙwayar haihuwa a faranti ba, sai farin zare kawai, ko madubin likita ba ya rarrabe su. Shi ya sa ake karanta sashen DNA (sinadarin gadon halitta) mai suna ITS, wanda masana suka amince da shi a 2012 a matsayin tambarin gane fumfuna. Na san da tsada. Amma malaman da ke duba aikin ɗalibai su haɗa su rukuni-rukuni, a tura samfur biyar a tantance da kyau, maimakon a cika takarda da sunaye hamsin na kintace.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Kano