Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Sakkwato: Ciyawa Na Shanye Mana Ruwa

Assalamu alaikum, ranka shi daɗe, Gwamna Ahmed Aliyu. Allah shi taya ka riƙo.

Da ka karɓi mulki a 2023, samar da ruwan sha yana cikin ƙudurori tara da ka ɗauko wa Sakkwatawa. Mun ji, mun tafa. To amma duk lokacin da ake maganar ƙarancin ruwa, abu biyu ake ambata: damina ba ta yi kyau ba, yashi ya cike dam. Ba a taɓa sa ciyawar da ke zaune bisa ruwan cikin lissafi ba, alhali kullum sha take yi.

Kainuwa da 'yan uwanta masu yawo a saman ruwa, da kachalla da ke kafa saiwa a gefe, ba ado ba ne. Suna zuƙar ruwa ta saiwa, su fitar da shi ta ganye zuwa iska, tun fitowar rana har faɗuwarta. Inda suka yi kauri, asarar takan wuce ta ruwan da ke a buɗe. A garin da zafin Afirilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Idan suka mutu sai su nutse su zama laka, tafki ya ƙara cikewa. A magudanan ban-ruwa kuwa tare hanya suke yi: mai gona a bakin kwata ya sha, na ƙarshen layi ya zauna da injinsa yana jira. Masunci ya jefa koma ta maƙale. Sauro da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya su kuma sun samu gida.

Ba ka buƙatar tuni a kan 2018, shekarar da ruwan Goronyo ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100, dam ɗin da aka gina don ya riƙe cubic mita miliyan 942. Manya sun je, sun duba, an ɗauki hoto. Damina ta sauka, kowa ya manta, sai 'yan garuwa da masu sayen jarka a unguwannin Mabera da Arkilla cikin birnin Sakkwato.

Na san amsar da za a ba ni: Goronyo na Gwamnatin Tarayya ne, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Madalla. Tafkin Kware fa? Dam ɗin Lugu da ke Wurno fa? Kuma masu shan ruwan Rima, a Abuja suka jefa ƙuri'a? Kainuwa dashen Allah ce, gaskiya ne, amma ba a ce cire ta ma sai an jira Allah shi aiko ba.

Kuma in ba a tashi yanzu ba, akwai wadda ta fi su. Ciyawar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo Najeriya ta Badagry a 1984, takan ninka kanta cikin kamar mako biyu, kuma tuni ta shiga Kogin Kwara, inda ruwanmu ke zuba.

Don Allah, ranka shi daɗe, ba kwangilar biliyoyi muke roƙo ba. A tura masana daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo su auna faɗin da ciyawa ta rufe a kowane tafki, a bayyana wa jama'a. A ware kuɗi cikin kasafi, a kira sarakunan ruwa da masunta masu jirage, a biya su su kwashe ta da kaka, kafin bazara ta kama, kowace shekara. Abin da aka kwaso a tara shi taki ga manoman albasa. Ka kira shugaban hukumar kogunan ku raba aikin a rubuce kafin ruwa ya fara ja da baya.

Naka,
Wani manomin rani daga Wurno