Zuwa ga aminiyata a Manchesta, kan maganar cikin nan naki

Assalamu alaikum aminiya, ya sanyi, ya yara da Abbansu? Mu nan Gusau lafiya lau alhamdulillah, sai zafi da rashin wuta wanda kin san ba sabon abu ba ne. Saƙon muryarki na saurare shi ina hanyar dawowa daga aikin dare, na so in mayar miki da murya sai na tuna halinki, kina kicin kina faɗa da yara rabi za ki ji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin ce kumburin ciki da iska sun hana ki sakat, yau gudawa gobe kuma ki yi kwanaki ba ki zaga ba, in al'ada ta matso abin ya ninka. Sannan wata da kuke haɗuwa a masallaci ta ce ki je wurin kairofrakta, masu gyaran ƙashin baya da hannu, wai ciki da ƙwaƙwalwa a haɗe suke, in ya daidaita miki baya saƙo zai riƙa wucewa, hanji ya gyaru, al'ada ta daidaita har bacci ya dawo, amma sai kin biya kuɗin zama da yawa tun kafin a fara. To ki riƙe kuɗinki tukuna.

Rabin maganar mai gyaran bayan gaskiya ce fa, shi ya sa take shiga kunne. Hanji yana da jijiyoyi nasa na kansa a jikin bangonsa, sama da miliyan 100, suna tura abinci su sarrafa shi ba tare da sun jira umarni daga kai ba. Akwai kuma wata doguwar jijiya da ake kira bagus, ita ce babbar hanya tsakanin kai da ciki, kuma abin da ya ba ni mamaki tun muna makarantar nas shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta labari suke ɗauka daga ciki zuwa kai, wato ciki ya fi kai yawan surutu. Sinadarin nan sirotonin da ake ta alaƙanta shi da walwala, kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ake yin shi, sai dai na hanjin a hanji yake aikinsa, ba ya haurawa ƙwaƙwalwa, wannan ɓangaren ne masu talla ba su son ƙarasawa.

Ni ba sai an karanta min ba, kullum ina gani a wurin aiki. Mata nawa ke zuwa da "olsa", an yi gwaji ba a ga gyambo ba, in kika ja kujera kika zauna sai ki ji maigida direba ne yana bin hanyar Funtuwa, daga ya fita cikinta ya ɗuri ruwa har sai ya kira ya ce ya sauka. Wata kuma daga ƙauyukan Maru ko Tsafe sunka gudo, tana raɓe a gidan dangi da yara biyar, ba ta bacci, ko motsi ta ji da dare sai bayan gida. Waɗannan ba ƙarya suke ba kuma ba raki ba ne, ciwon na gaske ne, tsoro ne ke sa hanji ya yi sauri ko ya tsaya, kuma hanjin ya koma yana jin zafin abin da a da ba ya ji, iskar da wata ba za ta ma san da ita ba ita sai ta murƙushe ta. Likitoci IBS suke ce masa, kuma ya fi kama mata nesa ba kusa ba.

Mu mata ga kuma namu na daban. Bayan ƙwai ya fita sinadarin jikin mace da ake kira firojestaron yana hawa, shi kuma sanyaya hanji yake, shi ya sa kafin al'ada ciki ke ƙullewa ya kumbura, haka ma mai juna biyu, ga ƙwayar ƙarin jini ta awo ta zo ta ƙara ɗaure ta. Ranar da jini ya zo kuma sinadaran da ke matse mahaifa su ne dai ke taɓa hanji, sai gudawa. Kin ga abin da kike ji a kowane wata yana da dalili, ba wani ƙashi ne ya goce ba.

Inda ni da mutumin nan munka rabu ke nan. Ita jijiyar bagus ba ta cikin ƙashin baya take bi ba kwata-kwata, daga ƙasan ƙoƙon kai take fita ta wata 'yar kafa, ta gangaro ta gefen wuya, ta ratsa ƙirji ta shiga ciki. Kamar a ce wayar wutar gidanku ta bakin titi ta biyo, wani ya zo ya ce a ba shi kuɗi ya fasa katangar baya ya gyara ta. Eh akwai wasu jijiyoyin da ke fita daga laka su je hanji, ban musa ba, amma binciken da anka yi bai nuna cewa murɗa baya na warkar da IBS ba, na ciwon mara ma da anka tattara ba a ga ya fi taɓawar wasa ba. Sana'ar tasu wani mutum ne D.D. Palmer ya fara ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, ya ce ya danna bayan wani kurma ya fara ji, daga nan ya ɗauka kusan duk cuta daga gocewar ƙashin baya take. Da yawansu yanzu sun bar wannan maganar sun tsaya a ciwon baya da gaɓoɓi, wasu kuma tsohuwar maganar ce sunka sake wa riga da sunan hanji da ƙwaƙwalwa tunda shi ake yayi.

Ba wai na ce ba su da amfani ba. Ciwon ƙugun nan da kike fama da shi tun haihuwar autanki, in kin ga dama ki gwada, yana ɗan taimaka wa wasu, kusan daidai da abin da masu gashin ƙashi ke yi da motsa jiki. A can Ingila doka ta 1994 ta sa dole duk mai kiran kansa kairofrakta ya yi rajista da hukumarsu GCC, ki duba sunansa a intanet kafin ki kwanta masa a gado. Wuya dai kada ki yarda a fizge miki shi, ba kasafai ba ne amma akan samu jijiyar jini ta tsage har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki, ni kam ban ga abin da zai kai ni ba. Kuma don Allah kada ki kai Hajiya in ta zo muku ziyara, ƙashin dattijuwa ba na murɗawa ba ne sai an san ƙarfinsa.

Abin da nake so ki yi, ki nemi ganin GP ɗinku, wato likitan unguwarku, ki faɗa masa komai ba tare da kunyar nan tamu ba. A duba jini, a yi miki gwajin ƙwayar H. pylori, na numfashi ko na bayan gida, don ita ce ke kawo yawancin gyambon ciki na gaske, likitoci biyu 'yan Ostireliya Barry Marshall da Robin Warren sunka gano haka har anka ba su kyautar Nobel a 2005, kuma tana jin magani. Ki gaya masa yadda ciwon ke bin al'ada, saboda akwai cutar da naman cikin mahaifa ke tsirowa a waje, tana kama da IBS sosai, mata na shekaru da ita ana ce musu iska ce. In kuwa kin ga jini ko baƙin bayan gida, ko kina ramewa ba dalili, ko kumburin ya ƙi sauka kullum, wannan ba na jira ba ne. Sannan ibuprofen ɗin nan da kike haɗiya da ciki wayam duk wata, shi ma yana cin bangon ciki, na san ki. Flagyl da cipro da kika ce a aiko miki daga kemis kuwa ba zan aiko ba, ƙwayoyin kirki na hanjin za su share su bar ki da sabon ciwo.

Ɗauki ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kinka ci da ranar wata da yadda kinka kwana, ko na wata biyu ne. Albasa, tafarnuwa, wake, burodin alkama da madara su ne sunka fi tayar wa masu irin cikinki, amma kada ki yanke su gaba ɗaya lokaci guda ki zauna da yunwa, ki sa a haɗa ki da masanin abinci. Kuɓewa tana da sauƙi a hanji, yogot marar suga zai tsaya miki a madadin kindirmo. In likita ya ce zai ba ki amitriptyline kaɗan ko ya tura ki wurin masu zama a tattauna damuwa, kada ki tashi ki ce ya mayar da ke mahaukaciya, magani ne da aka sani na wannan ciwon.

Kuma bari in faɗa miki abin da ba ki faɗa a saƙon ba. Ciwon nan bai taso miki haka ba sai bayan abin da ya faru a garinku bara, kina can kina kwana da waya a hannu kina bin labaran Facebook har asuba, rana ba ta fita, ba maƙwabciyar da za ki leƙa. Su Inna suna nan Tudun Wada lafiyarsu ƙalau, ranar Juma'a na je na same ta tana tsinkar zogale tana yi wa jikokinta faɗa. Ki ajiye wayar nan bayan isha, in wani abu ya taso ni zan kira ki da kaina.

Akwai mai tahowa wajenku ƙarshen wata, zan ba shi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, yajin ne dai na cire sai cikin ya lafa. Ki gaida Abbansu da yara, ki rubuto min abin da likitan ya ce.

Taki,
aminiyarki ta Gusau