A Ba Sawun Tsutsotsin Teku Na Dā Fili A Shafin Kimiyya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankali kan wani fanni da ba a cika waiwaya ba idan ana labarin burbushin halittu. Galibi ƙasusuwan manyan dabbobi ake ɗaukowa, alhali akwai shaidar da ta girme su nesa ba kusa ba, wato ramuka da sawun da ƙananan dabbobi masu taushin jiki suka bari a lakar ƙasan teku, wadda daga baya ta daskare ta zama dutse.

Jikin irin waɗannan halittu yakan ruɓe ya ɓace, amma ramin yakan tsira, kuma yana nuna yadda dabbar ta yi tafiya da inda ta bi wajen neman abinci. Saboda nauyin wannan shaida ne masana suka amince a 1992 cewa duwatsun Fortune Head, a tsibirin Newfoundland na Kanada, su zama ma'aunin farkon Kambiriyan, wato ɗaya daga zamunan da masana suka kasa tarihin duniya a cikinsu, kimanin shekara miliyan 539 da suka wuce, inda suka dogara da bayyanar wani jerin gajerun ramuka masu rassa da ake kira Treptichnus pedum.

Kafin lokacin, wata shimfiɗa mai kauri ta ƙananan ƙwayoyin halitta ce ta lulluɓe ƙasan teku, dabbobi kuwa a samanta ko dab da ƙarƙashinta suke jan ciki. Daga wannan tsohon zamani ne aka samu burbushin wata dabba mai kama da tsutsa, Yilingia, a ƙasar Sin, wadda aka bayyana a 2019, har da guda da ta mutu a ƙarshen sawunta, abin da ba kasafai ake dace da shi ba. Da dabbobi suka fara nutsawa can ciki, sai suka dagula lakar, ruwa mai iskar oksijin ya ratsa ta, shimfiɗar nan ta ja baya, sababbin halittu suka samu wurin zama. Masanin nan Bajamushe, Adolf Seilacher, ya kwatanta wannan sauyi da fara noma, kuma a ganina kwatancen ya dace, domin kaftun tsutsotsi ne ya sauya yanayin ƙasan teku baki ɗaya.

Don haka ina kira gare ku da ku nemi masana ilimin duwatsu su yi wa masu karatu bayanin wannan fanni da Hausa, tare da hotunan ramukan, domin ɗalibi ya iya gane su idan ya gamu da su a jikin dutse.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku