Mun ɓoye wa autarmu ciwon Inna saboda takardunta na Kanada

Assalamu alaikum Malama. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri kan yadda kike sauraron damuwar mutane a wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, ko a haka ma ina fargabar wani ya gane gidan ya tura wa wadda maganar ta shafa.

Ni ce babba a ɗakinmu, mu biyar Inna ta haifa, kuma mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Ina aure a Tudun Wada ta Zariya, ina koyarwa a wata sakandare, gidanmu kuwa yana cikin birni ta wajen Ƙofar Doka. A kan autarmu nake neman shawara.

An ɗaura mata aure a watan Disambar bara. Mijin ɗan Samaru ne, a jami'a suka haɗu, daga baya ya tafi Kanada ƙaro karatu, ya samu aiki a Toronto, har aka ba shi takardar zama ta dindindin. Tun a wajen ɗaurin auren muka fara gane cewa takardun mutanen nan ba a yi musu gangan. Kawu ya ce tunda kuɗin jirgi ya yi tsada a ɗaura kawai, wakilin ango ya karɓa kamar yadda aka saba. Yaron ya ce ba zai yiwu ba, don tun 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakili ko ta waya alhali ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin, in dai da auren za a nemi takardar zama. Ya zo da ƙafarsa, aka shafa fatiha, sannan suka je rajista su biyu suka sa hannu, aka yi ta ɗaukar hoto don shaida. Kawu har yau in an tuna masa sai ya ce an mayar da aure wasan kwaikwayo.

Bizar ziyara aka ba ta, irin wadda sau ɗaya ake shiga da ita. Ni na raka ta Abuja aka ɗauki zanen yatsunta, muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa, tana ta yi mini tsiya wai na fi ta rawar jiki. A watan Maris ta tafi, aka ba ta wata 6 kamar yadda suke ba baƙi.

Abin da zan faɗa yanzu ban san ko ɗaya a cikinsa ba a da, larura ce ta koya mini. Miji a can yana da hanya biyu ta nema wa matarsa takardar zama. Ko dai ya shigar da fayil ta hanyar waje, wadda matar za ta iya jira ko da tana nan gida, ko kuma ta hanyar cikin ƙasa, wadda sharaɗinta shi ne tana zaune tare da shi a Kanada har a gama. Su ta ciki suka bi a watan Mayu, amarya da ango, wa zai ce su rabu? Ya biya sama da dalar Kanada dubu ɗaya, ya kuma sa hannu cewa ci da sha da suturarta suna wuyansa har shekara 3 daga ranar da ta samu takardar. A ƙa'ida wata 12 hukumar shige da ficen ƙasar take cewa aikin yana ɗauka, amma da yawa sukan wuce haka suna jira.

Su biyun duk sun ɗauka da an shigar da fayil shi ke nan, zamanta ya halatta har a kira ta. Ashe ba haka ba ne. Fayil ɗin neman zama daban, izinin zaman baƙo daban, kuma na biyun kwanakinsa tafiya suke ko an duba fayil ko ba a duba ba. Wata baiwar Allah ce da suke haɗuwa a masallaci ta tambaye ta a watan Agusta ko ta nemi ƙarin wa'adi. Ta ce wane ƙarin wa'adi? Saura mako uku wata shidan ya cika, alhali so ake a nema tun da sauran kwana 30. A daren suka cika fom ta intanet suka biya dala 100. Ta kira ni muryarta tana rawa, ta ce Yaya da na zama mai zaman haram ban sani ba. Da wa'adin ya wuce, kwana 90 kawai ake ba mutum ya nemi a mayar masa da izininsa, kuma ba dole ne a mayar ba.

To yanzu ga inda take. Tunda ta nema kafin wa'adi ya cika, doka ta yarda ta ci gaba da zama har a yanke hukunci, wato zaman riƙon ƙwarya. Amsa ba ta zo ba har yau. Ta kuma nemi izinin aiki, wanda ake ba matan da ke jiran irin wannan fayil, shi ma shiru. Wannan riƙon ƙwaryar kuwa a cikin ƙasar kaɗai yake aiki, ranar da ta fita ya faɗi. Bizarta ta shiga ɗaya ce, ta riga ta ci ta. Ko takardar ƙarin wa'adin ta fito, ba biza ba ce, ba a komawa da ita. In ta zo gida sai ta nemi sabuwar biza daga nan, in aka hana ta, sharaɗin zama tare ya rushe, fayil ɗin na iya mutuwa. Kuma wanda ya bi ta ciki ba shi da damar ɗaukaka ƙara irin wadda mai bi ta waje yake da ita.

Malama, duk wannan dogon bayani na kawo shi ne don ki gane abin da ya sa muka yi abin da muka yi.

A cikin daminar nan ƙafafun Inna suka fara kumbura. Da ma tana da hawan jini da ciwon suga. Muka ɗauka gajiya ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe, sai da fuska ma ta tashi muka kai ta asibitin koyarwa na Shika. Gwaji ya nuna ƙoda ce, duka biyun. Yanzu sau biyu a mako ake yi mata wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, kowane zama kusan awa huɗu. Ni na koma gida da kwana, maigidana Allah ya saka masa, bai taɓa ɗaga mini gira ba.

Mijin auta na fara gaya wa, don ina neman yadda za a lallaɓa a sanar da ita. Ya yi shiru a waya har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce, "Yaya, don girman Allah kada ta ji yanzu. Kin san ta. Yau ta ji, gobe tana filin jirgi, ko da ƙafa ne." Ya ce a ba shi lokaci izinin aikin ya fito, domin mai izinin aiki yana iya neman biza tun yana cikin ƙasar, sai ta zo ta yi mako biyu ko uku ta koma da takarda a hannu. Ko a hakan ma, ya ce, jami'in bakin iyaka ne mai maganar ƙarshe, amma dai ya fi ta fito hannu rabbana. Na tambaye shi yaushe. Ya ce Allah masani. Ba zan zalunce shi ba, yaron kirki ne, kusan rabin kuɗin wankin nan daga aljihunsa yake fitowa, ba tare da matarsa ta san inda kuɗin yake zuwa ba. Sai dai wannan ma ya ƙara ɗaure ni. Kin san an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Inna ma bakinsu ɗaya. Cewa ta yi, "Ban yafe ba in wani ya tayar wa yarinyar nan da hankali. Ta zauna ɗakin mijinta." Kawu ya ce maganar uwa ta gama magana.

Bari ki ji yadda muke yi. Ba ma yarda a yi kiran bidiyo ranar wanki, don ranar Inna ko kai ba ta iya ɗagawa. Talata da Juma'a muke yi, da ƙarfe tara na dare, lokacin uku na yamma ne a wurinsu. Kafin kiran sai in jingina ta da filo uku, in shafa mata hoda, in sa mata kwalli, in jawo hijabi har haɓa don ya rufe robar da aka sa mata a wuya. Ƙanena yana riƙe fitila daga gefe don kada kumburin ya fito sosai. Ledar magunguna mu tura ƙarƙashin gado. Inna ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata ta yi murmushi, ta tambayi sanyi, ta tambayi ko ana samun daddawa a can, ta sa albarka. Minti biyar ba ta cika ba sai in ce hanyar sadarwa ta lalace in kashe. Ina kashewa take zamewa kan filon kamar an zare mata laka.

Makon jiya auta ta ce, "Inna kin yi ƙiba fa, Yaya me kike ba ta?" Muka yi dariya mu duka. Na fita bayan ɗaki wajen tulu na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

Kuma yarinyar ba sakarya ba ce. Ta fara tambaya me ya sa kullum ina gida da dare, me ya sa Inna take sa hijabi a kan gado, me ya sa ba a kiran ta ranar Alhamis. Na ce gyara ake yi a gidana. Na ce sanyi ya fara. Ƙarya ɗaya tana haifar 'yar'uwarta, ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina yi musu faɗa a kan gaskiya. Jiya ta turo mini saƙo ta WhatsApp, layi ɗaya: "Yaya, ki rantse Inna lafiya take." Na bar shi ban buɗe ba har yanzu, daga saman waya na karanta.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da haƙuri shi ne maganar likita. Ranar Litinin bayan an fito da ita ya ja ni gefe, ya ce jikin ba ya karɓar wankin kamar da, zuciyar ma ta fara gajiya. Bai yanke lokaci ba, rai na Allah ne, amma ya ce in akwai na nesa da ya kamata su gan ta, kada a ja. Ita kuma Innar da ta ce ba ta yafe ba, ni nake kwana kusa da ita, na san sunan da take kira cikin dare.

Na juya maganar ta kowace fuska. Za su iya janye fayil ɗin su sake shigarwa ta waje, ta dawo ta yi jiran a Zariya. Amma layi zai koma farko, wani ɓangare na kuɗin ya tafi, kuma shi ba zai biyo ta ya zauna ba, don wanda bai zama ɗan ƙasa ba dole yana zaune a Kanada yake ɗaukar nauyin matarsa. Auren da bai cika shekara ba a raba shi shekara guda ko fiye, ga surutun dangi, ga uwar mijin da tun farko ba ta so ya auri 'yar cikin birni ba. Wani mai harkar biza a Sabon Gari ya ce wa ƙanena in ta dawo zai haɗa mata takardun da za su sa a ba ta biza cikin sauƙi. Wannan kam na ce a kai kasuwa, don in suka kama ƙarya a takarda shekara 5 suke hana mutum shiga, a nemi ƙiba a samo rama. Na ce wa mijin ya je wurin lauyan shige da fice mai lasisi ya kwance masa komai, ya ji ko akwai wata ƙofa. Ya ce zai je, amma na lura tsoron amsar yake.

Ni a raina, Malama, na fi karkata ga in faɗa mata. Uwarta ce kamar yadda take uwata. Ba yarinya ba ce, da digirinta, ita ta karanta dokokin nan ta fi mu saninsu. In ta ji ta zaɓi zama, ta zauna da saninta, ta riƙa kiran Inna kullum, su yi maganar da ya kamata su yi, ta nemi gafara, a daina shafa hoda. In ta zaɓi zuwa, ta san abin da ta saka a kan faifai. Mu ne muka zauna mu huɗu muka yanke mata hukunci ba ta nan. Kuma in ta Allah ta kasance ta ji daga baya cewa wata huɗu muna yi mata wasa da fitila, ban ga ranar da za ta sake yarda da ni ba, shi ma mijin ban san yadda zai kalle ta ba.

Amma da na ɗauki waya sai in tuna kalmar Inna. Mara lafiya ce, uwa ce, ta ce ba ta yafe ba. Shin wannan furucin yana hawa kaina in na saɓa, ko kuwa magana ce ta tausayin ɗiya da za a iya komawa a roƙe ta ta janye? In kuma zan faɗa, ta ina zan fara: in tsaya sai na shawo kan Inna, ko in ba mijin wa'adi ya faɗa mata da bakinsa tunda shi ke kusa da ita zai riƙe ta, ko in kira ta kai tsaye? In ta taso ta zo aka hana ta komawa, auren ya samu tangarɗa, da wane ido zan kalli yaron da ya yi mana wannan ɗawainiya?

Ina roƙon ki taimaka mini da shawara, in da hali ki haɗa da ta malamai, da ta duk wanda ya san dokar ƙasar nan cikin masu bibiyar filinki. Saƙonta yana nan ban amsa ba, kuma jibi Juma'a, ƙarfe tara za ta kira.

Wassalam.
'Yar'uwarki daga Tudun Wada, Zariya.