Babana, kada ka raina ƙasar da ke cikin rariya

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ranar Laraba, kuma mahaifiyarka ta sa na karanta mata shi har sau biyu. Mun gode Allah da kuka sauka lafiya. Ita batun sauro da ruwan sha ne ya dame ta. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce yau kwana goma sha ɗaya ba ka tono komai ba, daga tankaɗe ƙasa sai rubuta launinta, har kana cewa da ka san haka karatun kufai (tonon tarihin mutanen da) yake da ka zauna ka riƙe mini gona. Na yi dariya, daga baya kuma abin ya dame ni. Shi ya sa na ɗauki biro, don wannan ba maganar waya ba ce.

Sunan mahaifina ka ci, amma ba ka riske shi ba. Haƙar rijiya ce sana'arsa. In yana cikin rami, duk lokacin da ƙasa ta sauya sai ya ce a zube ta a gefe daban. In ya fito shan iska ya bi tarin ɗaya bayan ɗaya yana murzawa: ga rairayi, ga jar ƙasa, ga marmara, ga farin yumɓu, ga yashi mai danshi. Sai ka ji ya ce saura gaba biyu a cim ma ruwa, kuma da wuya ya kuskure. Abin nan da na gani a takardun da ka bari a ɗaki, cewa shimfiɗar da ke can ƙasa ta riga ta sama kwanciya, shi a tafin hannunsa ya san shi. Ni ma shekara talatin na yi ina malamin gona, ina ɗibar ƙasa a leda. To kai ne na uku a gidan nan da ƙasa za ta ciyar, in Allah ya so.

Tun da rijiya muka faro, ka tuna da Dufuna ta jihar Yobe. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana, ya yi kamar mita 5 sai ya ci karo da itace. Kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita 8. Sai a 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka fito da shi gaba ɗaya, awo kuma ya nuna ya kai shekara 8,000. Kowa kwalekwalen yake yabo. Ni tambayata ita ce, wa ya ajiye shi? A garin nan ka jingina azara a bango, damina biyu gara ta gama da ita. Laka ce ta lulluɓe shi, ruwa bai taɓa barinta ba, iska ba ta samu hanyar shiga ba, abin da ke ruɓar da itace kuwa sai da iska yake aiki sosai. Shimfiɗun laka da yashi da ke kansa kuma su ne suka ba da labarin ambaliyar da ta yi ta zuwa tana komawa. Da an finciko shi an kai gidan tarihi ba a dubi bangon ramin ba, da an samu kwalekwale an rasa kogin da ya yi yawo a kai.

Na san abin da ke ranka. So kake ka ɗago kan mutum-mutumin yumɓu irin na tsoffin mutanen Nok a ɗauke ka hoto. To ai Nok ɗin ce babbar hujjata. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su tun 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kufai, kan mutum-mutumi daga yankin Jama'a, wanda har an kafa shi a gonar doya yana korar ɓarna. Matsalar ita ce kuza a cikin tsakuwar tsofaffin rafuka ake wanke ta, duk abin da ke wurin ruwa ne ya kwaso shi daga wani wuri ya jibge, tsoho da sabo a cakuɗe. Ga kaya masu kyau, amma babu mai iya cewa ga gidan da suka fito, ga abin da masu su ke ci. Sai da aka haƙa wani kufai mai suna Taruga a shekarun 1960, aka tarar da su tare da matoyar ƙarfe a inda masu su suka bar su, sannan magana ta fara zama. Daga 2005 mutanen Frankfurt suka dawo suka yi shekaru suna irin aikin da kake ƙorafi a kai. Suna zuba ƙasa a ruwa, abin da ya ƙone ya taso sama, su tace. A nan suka samu ƙwayoyin gero da wake, kuma da ƙonannen geron nan aka auna aka gane al'ummar ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙwayar gero, Babana, wadda in ta faɗi a tsakar gida kaza ma sai ta duba da kyau.

Wani abin kuma, ƙasar yankin Nok mai tsami ce, ta cinye ƙasusuwa kusan duka. Wanda bai san halin ƙasar ba sai ya rubuta cewa mutanen ba su da dabbobi, ko ba sa binne mamatansu. Kafin ka ce babu abu, fara tambaya ko ƙasar wurin tana iya riƙe shi. Su da suka rasa ƙashi sai suka koma kan tsingaro, aka binciki maiƙon da ya shige jikin tukwane, aka tarar da alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka nuna wani abu. Don haka kada ka yi saurin wanke tsingaro sai malaminka ya ce a wanke.

Lokacin da aiki ya kai ni Borno na ga firgi da idona, baƙar laka mai tsagewa da rani har ƙafa ta shige, da damina kuwa ta zama tafki. Mutane kan tudu suke zama, kuma yawancin tuddan nan su suka tara su. Ɗaki ya rushe a daddale a gina wani a kai, ga toka, ga juji, ga kashin shanu, shekara da shekaru. Tudun Daima da masanin kufai Graham Connah ya yanka a 1965 da 1966 ya kai wajen mita 11. Can ƙasa kayan dutse da na ƙashi ne, har da masun kamun kifi na ƙashi, a tsakiya ƙarfe ya bayyana, a sama kuma ga tagulla da duwatsun ado da suka zo daga nesa. Babu wanda ya rubuta wannan tarihi, jerin ƙasar ne ya nuna wane ya riga wane. Ko dogon tudun yashin nan da ya bi ta Maiduguri zuwa Bama, tsohon bakin Tafkin Chadi ne.

Batun launi da ka raina, da littafin nan na Munsell mai launuka da lambobinsu da ake kara ƙasa a jikinsa, ni ma na yi aiki da shi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai abin da kai ka kira ja wani zai kira shi ruwan ƙasa, lamba kuwa ba ta gardama. Jiƙa ƙasar kaɗan, ka duba a inuwa, ka murza ka ji ko tana da yashi ko tana kama yatsa. Baƙin da'ira a cikin jar ƙasa yana iya zama gurbin ginshiƙin da ya ruɓe. Sinadarin fosfet kuma, wanda muke saye a buhun taki, ba ya saurin barin ƙasa, shi ya sa yake tona inda aka yi turke ko juji bayan ɗaruruwan shekaru. Ai ka san yadda dawa ke yin baƙi ƙirin a tsohon mashekarin Fulani. Wanda ya fi ba ni mamaki a takardunka shi ne awon da ke faɗin yaushe rabon ƙwayar yashi da ganin rana. In an ba ka bututun ɗibarsa, toshe bakinsa da kyau, haske kaɗan ya ɓata shi.

Amma kada ka yarda da ƙasa ido rufe. Gara tana hawa da ta ƙasa sama, gafiya tana haƙa, saiwa tana ratsawa, mutum ma yakan haƙa rami ya zuba sabon shara cikin tsohuwar shimfiɗa. Gawayi ɗaya da ya gangara ta ramin gafiya ya isa ya ɓata maka lissafin shekara dubu. In ka ga ƙasa ta yi laushi a inda bai kamata ba, tsaya ka kira malami, ba abin kunya ba ne.

Ni na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Ina sabon ma'aikaci muka yi mako guda muna ɗibar ƙasa a gonakin fadama. Na rubuta sunayen a 'yan takardu da biro na jefa cikin ledojin, ƙasar kuwa da danshi. Da muka isa ofis tawada ta narke, leda arba'in babu wadda aka san gonarta. Gonaki ne, muka koma muka sake ɗiba. Kai naka ramin ba a haƙa shi sau biyu, abin da ka kankare ya tafi ke nan. Rubuta a jikin leda, ka rubuta a ciki da fensir, ka rubuta a littafi kafin ka tashi daga wurin.

Leburorin da ke tare da ku, da matan da ke ginin tukwane, da duk wani tsohon mai haƙar rijiya a ƙauyen, gaishe su ka zauna ka saurare su, sun san inda ƙasarsu ke sauya hali. In kun ci karo da kabari, ka tuna kakan wani ne. In wani ya raɓo ka da dare yana cewa akwai mai saye in an samu wani abu, ko sunanka kada ka ba shi. Irinsu ne suka rarake wuraren Nok da yawa suka bar ramuka. Kuma kada ka shiga rami mai zurfi a ƙasa mai yashi in ba kowa a sama, kada ku tara ƙasa a bakinsa. Kakanka ya rasa abokin aiki a haka, bai ƙara son a ta da zancen ba.

Mahaifiyarka ta ba direban da zai zo ranar Asabar ƙuli-ƙuli da yaji da gidan sauro, ta ce ka raba da abokanka. Ƙannenka suna gaishe ka. Gero ya fara fitar da kai, sai dai ruwa ya ɗan yi jinkiri, a sa mu a addu'a. In malaminku ya yarda, ɗebo mini ƙasar can ƙasan ramin cikin 'yar leda, wadda kuka gama da ita, ina so in murza in ji.

Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka.