Kan Yuriko Koike da aikin da ta yi tana minista a Japan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da sunan gwamnar Tokyo, Yuriko Koike, ya fito a labaran Hausa, abu biyu ake faɗa a wuce: ita ce mace ta farko a kujera kaza, kuma tana jin Larabci. Duka gaskiya ne, sai dai ba sa nuna wa mai karatu yadda take aiki. Ku ba ni fili in yi bayanin ma'aikatu biyu da ta riƙe, ɗaya ta yi mata kyau, ɗaya ta kufce mata.

An haife ta a 1952 a garin Ashiya da ke lardin Hyogo. Ta tafi Masar a farkon shekarun 1970, ta karɓi digirin nazarin zamantakewa daga Jami'ar Alƙahira a 1976. An daɗe ana ce-ce-ku-ce kan wannan takarda, har jami'ar ta fitar da sanarwa a 2020 cewa ɗalibarta ce kuma ta kammala. Ta yi tafinta, ta gabatar da labaran kasuwanci a TV Tokyo, ta shiga majalisa a 1992, ta ratsa jam'iyyu huɗu kafin ta sauka a jam'iyya mai mulki, LDP, a 2002.

Firaminista Junichiro Koizumi ya ba ta ma'aikatar muhalli a Satumban 2003. A lokacin Japan na da alkawari ƙarƙashin yarjejeniyar Kyoto na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da kashi 6 cikin ɗari a kan na 1990. Wani ɓangare na matsalar yana cikin ofisoshi: maza suna zuwa aiki da kwat da laktaye a tsakiyar zafi, sai a ƙure na'urar sanyaya ɗaki domin su, wuta ta yi ta tafiya, mata kuma su riƙa lulluɓe ƙafa da bargo. A 2005 ta fito da shirin Cool Biz. Ƙa'idarsa gajeriya ce: daga Yuni zuwa Satumba a bar zafin ofis a digiri 28, a ajiye kwat da laktaye.

Dabarar tana wajen wanda aka fara da shi. Ƙaramin ma'aikaci a Japan ba zai cire laktaye ba alhali maigidansa na sanye da shi, don haka umarni a takarda ba zai yi komai ba. Sai aka fara daga sama. Koizumi ya fito da riga mai buɗaɗɗen wuya, ministoci suka bi, aka sa shugabannin manyan kamfanoni suka yi faretin tufafi a baje kolin Aichi. Ba a yi doka ba, ba a ci tarar kowa ba. Ma'aikatar ta ƙiyasta cewa an rage tan dubu 460 na hayaƙin kabon a shekarar farko. Masu ɗinka laktaye sun koka, kuma da dalilinsu, tunda cinikin Ranar Uba, ranar da ake saya wa iyaye maza kyauta irin su laktaye, a watan Yuni yake faɗowa. Akwai kuma kuskuren da ya daɗe yana damun ma'aikata: digiri 28 zafin ɗakin ake nufi, amma ofisoshi da yawa suka saita na'urar kanta a 28. Inda mutane suka cika ga kwamfutoci a kunne, ɗakin kan zarce haka, aiki ya yi nauyi.

Ma'aikatar tsaro kuwa wani labari ne. Ta karɓe ta a Yulin 2007 a gwamnatin Shinzo Abe, bayan Fumio Kyuma ya yi murabus saboda kalamansa kan bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa wa Japan. Ta tarar da babban sakatare Takemasa Moriya, wanda ya shekara huɗu a kujerar ya kafa jama'arsa ko'ina. Ta yanke shawarar sallamarsa ta ɗora Tetsuya Nishikawa, wanda asalinsa daga hukumar 'yan sanda ya fito. To amma naɗin manyan sakatarori sai ya bi ta taron da babban sakataren majalisar ministoci ke jagoranta, a lokacin Yasuhisa Shiozaki. Ba ta shirya da shi ba, maganar ta riga ta fita a jarida, Moriya ya garzaya ofishin firaminista. Daga ƙarshe Moriya ya tafi, amma Kohei Masuda aka naɗa, ita kuma ta bar kujerar a ƙarshen Agusta, ba ta cika wata biyu ba. A watan Nuwamba aka kama Moriya kan cin hanci. A ganina ta yi daidai kan mutumin, hanyar da ta bi ce ta kayar da ita. A ma'aikatar muhalli jama'a take rarrashi ta talabijin, sana'ar da ta ƙware a kai. A nan kuwa 'yan tsirarun mutane ne a bayan ƙofa, kuma ba ta nemi yardarsu ba.

Haka abin ya ci gaba da bin ta. A 2008 ta nemi shugabancin LDP, inda 'yan majalisa ke da rinjayen ƙuri'a, ta zo ta uku da ƙuri'u 46, Taro Aso ya samu 351. A 2016 jam'iyyar ta ƙi tsayar da ita gwamnan Tokyo, ta tsaya da ƙafarta ta ci da ƙuri'u kusan miliyan 2.9, ta sake ci a 2020 da 2024. A 2017 ta kafa jam'iyyar ƙasa, Kibo no To, da alamar za ta girgiza Abe. Da aka tambaye ta ko za ta karɓi duk 'yan adawar da ke son shigowa, ta ce za ta ware waɗanda ra'ayinsu kan tsaro da tsarin mulki bai zo ɗaya da nata ba. Waɗanda aka ware suka kafa tasu jam'iyyar suka ci kujeru 55 a zaɓen majalisa na shekarar, tata ta tsaya a 50.

Wani abu da bai kamata jaridarku ta tsallake ba: tun 2017 ta daina aika saƙon ta'aziyyar da gwamnonin baya ke aikawa wajen taron tunawa da 'yan Koriya da aka kashe bayan girgizar ƙasar da ta afka wa yankin Kanto, inda Tokyo take, a 1923. Hujjarta ita ce tana ta'aziyyar duk mamatan a wani taro guda. Masu shirya taron suna cewa wanda gini ya danne daban, wanda mutane suka kashe daban, kuma ina tare da su a kan wannan.

Na gode da ba ni fili.

Mai karatunku,
daga Zariya