Yaya, kuɗin marayu hannun uwarsu za su shiga

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara duka. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi kuwa? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan marigayi, Ya kai haske kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da duhun da ke rufawa tun la'asar, su ma mun saba.

Na ga gara in rubuto da in buga waya. In na kira, wayar yawo take daga hannu zuwa hannu, a ƙare a gaishe-gaishe ba a taɓo abin da ya sa na kira ba. Wannan magana kuwa so nake ta zauna a rubuce.

Na turo naira 400,000 asusunka, ka duba za ka ga alat. Naira 100,000 ta Inna ce, magani da cefane. Da 50,000 ka biya kuɗin makarantar Abba da Ummi, ka karɓo rasit ka turo min hotonsa. Ragowar 250,000 ka cire a POS ka kai wa Maman Abba, matar marigayi, har ɗaki, ka damƙa mata hannu da hannu. Ba ta hannun Kawu ba, ba ta hannun Gwaggo ba, kada kuma ka aiki yaro. Kai da ƙafarka, Yaya.

Ka san dalili. Labari ya iso ni cewa na watan jiya Kawu ne ya karɓe, wai zai ajiye wa marayu don mace ba ta iya riƙon kuɗi ba, alhali baiwar Allahn nan tana cikin takaba tana aika Abba maƙwabta rancen garin tuwo. Kada ka tambaye ni wa ya gaya min. Na kuma ji an fara ƙus-ƙus ɗin raba yaran, Abba wajen Kawu, Ummi wajen Gwaggo, Auta a bar mata shi zuwa yaye. Yaushe ma aka yi sadakar arba'in? Sannan wai Kawu yana faɗa a majalisa cewa ƙasar da nake gwamnati ce ke biyan mata kuɗin haihuwa, saboda haka abin da nake turowa ba gumina ba ne.

To ka isar masa, cikin ladabi. Gaskiya ne a nan Ayilan ana ba kowane yaro Yuro 140 a wata, ranar Talatar farko ta wata, kuma asusun uwa yake faɗawa. Na yarana biyu nake karɓa, ko kwana ba ya yi haya ta lanƙwame shi. Daga harajin da ake yanka a albashinmu ma yake fitowa. Abin da ke zuwa muku na aikin dare ne, na ɗaga tsofaffi da yi musu wanka da canza musu shimfiɗa. Ba ƙorafi nake ba, alhamdulillahi, halaliyata ce, kuma mutanen suna da kirki.

Amma tunda Kawu ya kawo zancen ƙasar nan, ya kamata ya ji shi har ƙarshe, don ba haka suka faro ba. Yawancin tsofaffin da ke gidan da nake aiki mata ne, mazansu sun riga su, in barci ya ƙi zuwa da dare ba abin da suke so irin labarin da. Akwai wata da shekarunta suka doshi ɗari. Tana 'yar mitsitsiya ubanta ya rasu ya bar uwarta da yara biyar a ƙauye, a lokacin kuwa babu wani fansho ga matar da mijinta ya mutu. Sai a 1935 aka yi dokar fanshon matan mamata da marayu, aka fara biya a farkon 1936. Kafin nan sai ɗan tallafin ƙaramar hukuma, wanda sai jami'i ya binciki gidanki ya tabbatar ba ki da komai, ko kuma sadakar coci. In abu ya gagara, kotu ta kwashe yaran ta kai su makarantun kwana na horo da 'yan coci ke gudanarwa, gwamnati ta riƙa biyan makarantar kuɗi a kan kowane yaro. Ka ji fa, Yaya. Kuɗin da za a ba uwa ta riƙe 'ya'yanta, sai a ba wasu su riƙe mata su. Haka aka tafi da yayyen tsohuwar nan maza biyu. Ko da suka fito sun zama baƙi a gidan uwarsu, ba su daɗe ba suka ƙetara Ingila neman aiki. A 2009 wata hukumar bincike ta fitar da rahoton duka da yunwa da cin zarafin da aka yi wa yara a makarantun nan, ƙasar ta girgiza.

Tun kafin wannan ma haka tsarin yake. Su ma Ingila ce ta mulke su kamar mu, kuma ita ta yi musu dokar 1838 ta gidajen gajiyayyu, inda iyali in talauci ya kai su, tun daga ƙofa ake raba su, maza ɓangare guda, mata ɓangare guda, yara nasu daban.

Kuɗin yaran da Kawu ke magana a kai kuma, a 1944 aka fara shi. Sule biyu da sisi a mako, ka gaya wa Inna, ita ta san darajar sule, kuma daga ɗa na uku zuwa sama kawai. Wa ake ba? Uba. Uwa ba ta isa ta je gidan waya ta karɓa ba sai in mijin ya sa hannu ya wakilta ta. Tsofaffin nan suna dariya suna gaya min gidajen da kuɗin ba ya isa, don tsakanin gidan waya da gida akwai mashaya. Sai a 1974 aka mayar da shi haƙƙin uwa. Shekara 30 suka ɗauka kafin su yarda cewa mai ɗora tukunya ita ta san abin da ya ƙare a ɗaki. Mu ba sai mun jira shekara 30 ba, Auta ba zai jira ba.

Yabon uwa kuwa ba su rasa shi ba. Kundin tsarin mulkinsu na 1937 ya rubuta ƙarara cewa zaman mace a gida gudummawa ce ga ƙasa, kuma za a yi ƙoƙari kada talauci ya tilasta wa uwa fita aiki. Har yau sashen yana nan, an kai shi ƙuri'ar raba gardama a Maris 2024 jama'a suka ƙi a taɓa shi. Amma da wani ministan lafiya, Dokta Noël Browne, ya kawo tsarin duba uwa da yara 'yan ƙasa da shekara 16 kyauta ba tare da binciken samun mutum ba, manyan limaman Katolika da ƙungiyar likitoci suka taso masa, har ya ajiye muƙami a 1951. Ma'aikaciyar gwamnati kuma in ta yi aure sai ta bar aiki, har zuwa 1973. Matar da miji ya gudu ya bari sai a 1970 aka fara ba ta wani abu. Su kansu matan mamatan sai da wata mai suna Eileen Proctor ta haɗa su ƙungiya a 1967 suka yi ta matsa wa gwamnati. Na ji an ce ranar zaman makoki ba wanda ya kai Kawu yabon haƙurin Maman Abba. Madalla. Yabo ba ya cika tukunya.

Akwai garin Tuam, ba nisa da mu. A can ne aka yi wani gida na matan da suka haihu ba aure, sistocin coci ke riƙe da shi daga 1925 zuwa 1961. Wata mata 'yar yankin, Catherine Corless, ta bi takardun mutuwa ta gano yara 796 da suka mutu a gidan ba a san kabarinsu ba. Rahoton da ya fito a 2021 ya ce yara kusan 9,000 ne suka mutu a gidaje irin wannan da aka bincika, firaministansu ya tashi a majalisa ya nemi gafara, a 2025 kuma aka fara tonon wurin. Irin waɗannan matan sai a 1973 aka fara ba su tallafin da za su iya riƙe ɗansu. Na san ba irin maganarmu ba ce, kada wani ya juya min zance. Amma can ma manya ne suka zauna suka yanke cewa sun fi uwa sanin abin da ya dace da ɗanta.

Mu da addini ya riga ya shimfiɗa mana komai, me ya kai mu? Ka je wajen Malam na masallacin unguwa ka tambaya a gaban Kawu. Riƙon yara na uwa ne matuƙar ba ta yi wani aure ba, in ta yi kuma mahaifiyarta ce ke biye, ba mu ba. Tumunin Maman Abba na gado yana nan. Shagon marigayi da Keke Napep ɗinsa kada a sayar, kada a ba kowa aro, sai an zauna an raba a rubuce da shaidu. Ka rubuta duk abin da ke cikin shagon tun yanzu. Ayar masu cin dukiyar marayu kuwa Kawu ya fi ni saninta, ba sai na tuna masa ba.

Ka yi haƙuri da zafin alƙalamina, Yaya. Ban isa in yi wa Kawu rashin kunya ba, shi ya tsaya mana bayan rasuwar Baba, ban manta ba. Amma ka san marigayi ne ya sayar da filinsa aka cika min kuɗin jirgi. An wanke shi, an sallace shi, an kai shi, ni ina nan riƙe da waya ina kallo ta bidiyo, gari na wayewa na sa kayan aiki na fita. Ban ɗauke masa komai ba yana raye. In 'ya'yansa suka watse ina ji ina gani, da wane ido zan dubi Inna in na zo?

Af, na manta ban gaya maka ba, na ci jarrabawar kwas ɗin nan, sun ƙara min matsayi, yanzu ni ke koya wa sababbi aiki. 'Yarka kuma malamarsu ta ce a ajinsu ba mai kama ta a lissafi, har yaren mutanen ƙasar ta fara ji, ni ko gaisuwarsu ban riƙe ba. Baban su yana gaishe ka ƙwarai.

In Maman Abba ta fita takaba, ka sa Anti ta raka ta banki ta buɗe asusu da sunanta, NIN ɗinta yana cikin takardun marigayi. Daga nan kai tsaye zan riƙa tura mata, kai ma ka huta da ɗawainiya. Ina tara mata kuɗin keken ɗinki, ka san ta iya, in Allah Ya yarda kafin azumi. Maganar aure kuma kada wanda ya tayar mata da ita, in ta ga dama ita za ta faɗa. Na wannan watan dai 250,000 ne, cif, a hannunta. In ka kai, ka ba ta wayarka ta yi min saƙon murya da bakinta, in ji muryar yaran ma.

Kada ka karanta wa Inna wajen da na ambaci aikin dare, ce mata kawai ina asibiti ina aiki. Akwai wanda zai taso daga Kano ƙarshen wata, zan turo maka lambarsa, a ba shi kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, a ɗaure su da kyau cikin leda biyu. Kilishi kada a saka, ƙwacewa suke a filin jirgi. Ka gaishe da Gwaggo, ka gaishe da Kawu, ka ce ina neman albarka.

Ƙanwarka,
daga Galway